Tarihin Ɗan Hausa, Baturen da Ya Haɗa Karatun Boko da Koyon Sana'a a Nasarawa (1876 zuwa 1945)

Duk wanda ya saba bin unguwar Nasarawa a birnin Kano, da wuya a ce bai taɓa ganin wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye da ado irin na maginan da ba, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Jama'a da dama sun san sunan gidan, amma kaɗan ne suka san mai sunan, balle aikin da ya yi a cikinsa. Sunansa na yanka Hanns Vischer, kuma shi ne Daraktan Ilimi na farko a Nijeriya ta Arewa. Dalilin kawo tarihinsa a wannan shafi shi ne, matsalar da ya yi ta fama da ita fiye da shekaru ɗari da suka wuce ita ce har yau take gaban shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da hakimai da dagatai, wato yadda za a tsara karatun makaranta da koyon sana'a su tafi tare, ba tare da hukumomi biyu ko uku sun taru a kan aiki ɗaya sun bar wani aikin babu mai yi ba.

Asalinsa da zuwansa ƙasar Hausa

An haifi Vischer ranar 14 ga watan Satumba na shekarar 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a gidan attajirai masu kasuwancin siliki. Ke nan asalinsa ba mutumin Ingila ba ne. Ya yi karatu a ƙasarsu da kuma Jamus, daga bisani ya wuce Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya tashi da jin Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, kuma Allah Ya ba shi saurin kama harshe, baiwar da ta yi masa rana a duk tsawon rayuwarsa.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a kan yadda ya fara zuwa ƙasar nan. A matsayin ɗan mishan ya zo, wajen shekarar 1901, tare da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda a lokacin ta yi zango a Loko, a bakin kogin Binuwai, bayan Sarkin Kano Alu ya sallami ayarinta daga birni a shekarar 1900. Bai daɗe a wannan aiki ba ya bar shi. A shekarar 1903, wato shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi ƙasar Barno a matsayin ƙaramin jami'i a ƙarƙashin Razdan. A can ya ƙara gogewa a Hausa, ya koyi Barbarci da Larabci, ya kuma ga yadda alƙalai da malamai suke gudanar da shari'a da wasiƙu a rubuce tun kafin zuwan Bature.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a shekarar 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya komo ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya sauka a Tarabulus, wadda a lokacin take hannun Turkawa, ya haɗa ayarin raƙuma, ya biyo tsohuwar hanyar fatake ta Murzuk da Bilma, garin da gishirin kantu yake fitowa, har ya iso Tafkin Chadi. Akasarin abokan tafiyarsa alhazai ne masu komowa gida da kuma bayin da suka sami 'yanci suke neman hanyar ƙasarsu. Sun yi watanni a cikin Sahara, ga ƙishirwa ga mahara. A shekarar 1910 aka buga littafin da ya rubuta a kan wannan tafiya a Landan. Mutumin da ya yi watanni yana ci da sha da kwana tare da talakawa a cikin ayari, ba zai fito da irin tunanin Baturen da bai san kowa ba sai kukunsa da masinjansa. Zaƙin Hausarsa da sanin ladubban mutane su suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

Matsalar da aka ɗora masa

A waɗannan shekaru gwamnatin Arewa, wadda hedikwatarta take Zungeru, tana cikin ƙarancin ma'aikata. Akawunan da take da su daga Ikko da Gwalkwas da Saliyo ake ɗauko su da tsada, kuma yawancinsu ba su jin Hausa. Tsakanin Bature da talaka sai tafinta, shi kuwa tafinta abin da ya ga dama shi yake faɗa. Ga shi an fara kafa baitulmali a masarautu, ana bukatar malaman da za su rubuta haraji da jangali da lissafin shiga da fita ta hanyar da Razdan zai iya dubawa. A ƙasar Kano an shigo da awon gonaki na taki, ana neman masu awo. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro tana tafe, ana neman kafintoci da maƙera. Kowane sashe na gwamnati yana kukan rashin mutanensa, kuma kowanne yana iya buɗe 'yar makarantarsa idan aka bar shi.

An riga an yi gwaji biyu waɗanda ba su yi nisa ba. Akwai 'yar makarantar da Razdan Burdon ya buɗe wa 'ya'yan sarakuna a Sakkwato, akwai kuma ta Likita Mila ɗan mishan a Zariya, wadda sarakuna suka ƙi sakin jiki da ita saboda tsoron a juya wa 'ya'yansu addini. A gefe guda kuma ga dubban makarantun allo da na ilimi a birane da ƙauyuka, waɗanda su ne ainihin tsarin ilimin ƙasa, kuma Turawa sun yi alkawari a Sakkwato cewa ba za su taɓa addini ba.

Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a shekarar 1907, injiniyan hanyar jirgi ne da ya yi aiki a Masar da Sudan. Shi ne ya zare Vischer daga aikin mulki a shekarar 1908 ya ɗora masa tsara ilimin gwamnati. Kafin a aza tubali ko ɗaya, sai aka tura shi ya gano yadda ake yi a Masar da Sudan da Gwalkwas da Ikko. Makarantun bakin teku ba su burge shi ba, domin a ganinsa suna fitar da yaran da suka iya Turanci amma sun raina sana'ar iyayensu, kowa sai neman kujerar akawu. Abin da ya kama hankalinsa shi ne Kwalejin Gordon ta birnin Kartum, wadda aka buɗe a shekarar 1902. A can ya tarar da sashen horar da malamai da alƙalai, da makarantar firamare, da ɗakin koyon aikin hannu, da ajin masu awon ƙasa, duk a harabar guda, a ƙarƙashin shugaba guda, James Currie, wanda kuma shi ne Daraktan Ilimi na Sudan. Da wannan hoto a zuciyarsa ya komo.

Makarantun Nasarawa

A shekarar 1909 ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, a bayan ganuwar Kano, inda Sarki yake da gida da gandu. Sarkin Kano Abbas ya ba da wuri da goyon baya, baitulmalin Kano kuma ya sa hannu wajen ɗaukar nauyi. A shekarar 1910 aka tabbatar masa da muƙamin Daraktan Ilimi.

Abin lura na farko shi ne da wa ya fara. Bai fara da yara ba, da malamai ya fara, wato manyan mutane waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, suka iya rubutun ajami. Su aka fara koya wa rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, domin su ne za su koyar da na baya, wasunsu kuma su koma masarautunsu su riƙe littattafan baitulmali da na kotu. Wanda ya gina ajujuwa kafin ya tanadi malami, ya san abin da yake biyo baya. Bayan ajin malamai ya kafu, cikin shekara ɗaya zuwa biyu aka ƙara makarantar 'ya'yan sarakuna, da makarantar elementare, da makarantar sana'a, da ajin safiyo inda ake horar da masu awon gonaki. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga lardunan Arewa daban-daban, ba daga Kano kaɗai ba. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina, ya rubuta littafin Ganɗoki, ya kuma zama Walin Katsina.

Da Hausa ake koyarwa. Ɗalibai suna sanye da rigunansu na gida, suna zaune a kan tabarmi a ɗakunan ƙasa irin waɗanda suka saba da su. Malaman Musulunci suna koyar da Larabci da addini, kuma ba a yarda da wa'azin mishan a harabar ba, duk da cewa mai makarantar tsohon ɗan mishan ne. Wannan bai hana jama'ar gari zargi ba. Yara sun riƙa yi wa 'yan makarantar boko waƙar zambo, iyaye mata suna ɓoye 'ya'yansu, wasu masu sarauta kuma da aka ce su kawo 'ya'yansu sai suka turo 'ya'yan barorinsu. An sha ba da labarin yadda waɗannan 'ya'yan barori suka zo suka zama manyan ma'aikatan En'e.

A makarantar sana'a ana koyar da kafinta da ƙira da aikin fata da ɗinki. Manufar Ɗan Hausa a nan ita ce a ɗauki sana'ar da ake da ita a gyara ta, ba a kashe ta a kawo baƙuwa ba. Kano ta riga ta shahara da majema da dukawa da marina da maƙera, fatar da ake jemewa a ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara tun ƙarnoni da suka wuce. Saboda haka gwanayen gari aka ɗauko su koyar, aka kuma fi son kayan aikin da maƙerin gari zai iya ƙerawa ko ya gyara idan sun lalace. Duk jami'in da ya taɓa ganin injin da aka sayo da kuɗi masu yawa yana tsatsa a sito saboda rashin wani ɗan ƙarfe da babu shi a kasuwa, zai gane hikimar wannan.

Amfanin tara sassan nan wuri guda a bayyane yake. Malamin lissafi ɗaya yana wadatar da mai koyon awo da mai koyon kafinta da mai shirin riƙe baitulmali. Abin da sashen sana'a ya ƙera yana shiga hidimar makaranta. Kuɗin da ya fito daga gwamnati da wanda ya fito daga baitulmalin sarakuna a hannu ɗaya suke haɗuwa, mutum ɗaya ne kuma zai amsa tambaya a kansu. Idan Razdan yana neman mai awo, ko Sarki yana neman magatakarda, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A ƙasar da kuɗin ilimi bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Har ila yau, a nan ne aka fara daidaita rubutun Hausa da baƙaƙen boko domin aikin gwamnati. A shekarar 1912 aka buga ƙa'idojin rubutun da ya tsara, saboda kada kowane Bature da kowane malami ya riƙa rubuta kalma yadda kunnensa ya jiye masa. Baƙaƙe masu ƙugiya da muke amfani da su yanzu sai a shekarun 1930 suka zauna, amma harsashin nasa ne. Matarsa Isabelle, ita ma 'yar Suwizalan, ta zauna tare da shi a Nasarawa, ta kuma rubuta littafi da Faransanci a kan zamansu, wanda aka buga a shekarar 1917.

Inda tsarin ya gaza

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi kamar babu aibi a cikinsa. Ɗan Hausa ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma an gina makarantarsa ne domin ta biya bukatar wannan mulki. Ɗaliban ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, a ƙasa mai miliyoyin mutane. Babu 'ya mace ko ɗaya a lissafin. An jinkirta koyar da Turanci da gangan, alhali a Kudu makarantun mishan suna ta yaye masu jin Turanci, kuma da aka haɗe ƙasar, da Turanci ake samun aikin reluwe da gidan waya da kamfanoni. Ratar da ta buɗe tsakanin Arewa da Kudu a fannin boko tana da dalilai da yawa, amma wannan yana cikinsu. Bugu da ƙari, fifita boko a kan ajami a ofisoshi ya mayar da dubban malamai masu karatu da rubutu tamkar jahilai a idon hukuma, makarantun allo kuma aka bar su a waje, ba a haɗa su da sabon tsari ba, ba a kuma taimake su ba.

A ganin mai wannan rubutu, babban rauni yana cikin harabar kanta. An tara sassan wuri guda, amma ba a daidaita darajarsu ba. Ɗan sarki yana nasa sashen, mai koyon ƙira yana nasa, kuma kowa ya san wanda zai hau doki da wanda zai yi masa linzami. A al'adarmu ta wancan zamani sana'a gado ce, ba a kuma ɗauki ɗan maƙeri daidai da ɗan malami ba. Makarantar ba ta rushe wannan ba, bin sa ta yi. Mu da muka bi ta kwalejin kimiyya da fasaha mun san cewa saurar wannan kallo bai gushe ba, tunda har yanzu ana muhawara a kan matsayin babbar difloma da digiri a aikin gwamnati.

Bayan tafiyarsa

Lugga ya komo a shekarar 1912, ya haɗe Arewa da Kudu a shekarar 1914. Shi ya fi karkata ga a buɗe makaranta a kowane lardi a kuma ƙara Turanci domin a sami akawuna. Malaman da aka horar a Nasarawa su aka rarraba suka buɗe makarantun larduna a Sakkwato da Katsina da Zariya da Bida da sauransu, wanda dama yana cikin shirin tun farko, amma da haka cibiyar Nasarawa ta watse. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Vischer ya tafi aikin soja a sashen leƙen asiri a shekarar 1915, bai kuma komo kan kujerarsa ba. Wanda ya gaje shi, Urling Smith, shi ya ga kafuwar Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a shekarar 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida suka yi karatu.

Abin mamaki, ƙasa ta zama ɗaya tun 1914, amma ma'aikatun ilimi biyu aka ci gaba da riƙewa, ta Arewa da ta Kudu, kowacce da daraktanta da manhajarta, har shekara goma sha biyar. A larduna kuma makarantar karatu daban, makarantar sana'a daban. Sassan gwamnati irin su reluwe da safiyo da aikin gona da asibiti kowanne yana horar da nasa mutanen yadda ya ga dama. Sai a shekarar 1929 aka haɗe ma'aikatun biyu a ƙarƙashin Hussey, wanda shi ma a Sudan ya fara aikin ilimi. A zamaninsa aka narkar da makarantun sana'a da manyan ajujuwan firamare na larduna aka fitar da makarantun Midil. An rage kashe kuɗi biyu a kan abu ɗaya, wannan gaskiya ne. Sai dai karatun littafi ya haɗiye sana'ar, ta koma 'yan sa'o'i a mako a ɗakin kafinta, domin kowane yaro ya san jarrabawar shiga kwaleji ita ce hanyar albashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dole ta sa aka sake buɗe cibiyoyin koyon sana'a masu zaman kansu a Kaduna da Yaba da Inugu. Haɗa hukumomi abu ne, kare ƙaramin sashe daga babba kuma wani abu ne daban, kuma na biyun ne aka kasa yi.

Aikinsa a Landan

Rabin rayuwar aikinsa na biyu a ofis ya yi shi, amma tasirinsa ya fi na farkon faɗi. A shekarar 1923 Ma'aikatar Kula da Ƙasashen Mallaka ta Ingila ta kafa kwamitin ba da shawara a kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka, aka naɗa Vischer sakatarensa. Cikin 'yan kwamitin akwai Lugga da Currie na Kartum da Oldham, wakilin ƙungiyoyin mishan. Dalilin kafa shi kuwa shi ne rikicewar da ake ciki: a ƙasashe da yawa ƙungiyoyin mishan suna gasar buɗe makarantu, a sami biyu ko uku a gari ɗaya, wani yanki kuma babu ko ɗaya, gwamnati tana nata, babu mai duba na wani. A shekarar 1924 ya bi ayarin binciken ilimi na asusun Phelps-Stokes na Amurka zuwa gabashin Afirka, tare da shahararren malamin nan na Gwalkwas, Dakta Aggrey.

A shekarar 1925 kwamitin ya fitar da takardar manufa wadda ta zama ginshiƙin tsarin ilimi a waɗannan ƙasashe shekaru masu yawa. Ta tanadi cewa gwamnati ce za ta riƙe jagoranci da duba dukkan makarantu ko na wane ne, a kuma kafa majalisar ba da shawara a kowace ƙasa inda duk masu ruwa da tsaki za su zauna tare. Tallafin kuɗi sai ga makarantar da ta cika sharaɗi. Game da sana'a, shawarar ita ce a koyar da aikin injuna a ma'aikatun gwamnati da suke da kayan aikin tun asali, irin na reluwe da na ayyuka, maimakon a sake sayen wasu, sannan sassan lafiya da gona da gandun daji da dabbobi da safiyo da gidan waya su ɗauki masu koyo a ƙarƙashinsu. Ta kuma nemi a cusa wa yara cewa aikin hannu bai gaza aikin alƙalami daraja ba. Bayan shekara goma, a 1935, wata takardar kwamitin ta ƙara da cewa makarantar ƙauye ba za ta yi tasiri ita kaɗai ba, sai malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin lafiya sun yi aiki da shiri guda a kan jama'a guda.

A takarda babu abin kushewa. Amma kwamitin na shawara ne kawai, ba shi da asusu, ba shi da ikon tilasta wa gwamnan kowace ƙasa. Ga shi kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta sa an datse kuɗin ilimi. Haka kuma 'yan bokon Afirka da yawa sun ɗauki zancen daidaita ilimi da yanayin mutane a matsayin dabarar hana baƙar fata ilimi mai zurfi, a bar shi da fartanya da guduma, kuma ba za a ce zarginsu ba shi da tushe ba. Vischer ya riƙe sakatancin har shekarar 1939, bayan an faɗaɗa kwamitin a 1929 ya haɗa dukkan ƙasashen mallakar Ingila. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka a Landan a shekarar 1926, ya zama babban sakatarenta.

Mai karatu zai ga cewa tambayar ba ta tsufa ba. Bayan samun mulkin kai an kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971 mai hedikwata a Jos, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, kowacce da aikin da doka ta ba ta, a shekarar 2020 kuma aka ƙaddamar da majalisar ƙasa kan sana'o'i a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa domin daidaita tsakani. A ƙasa kuwa, inda talaka yake, akwai ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji da masu riƙe da muƙaman siyasa. Mai wannan rubutu ya taɓa zuwa ɗaukar rahoto a wani gari inda cikin shekara guda aka yi bikin yaye masu koyon ɗinki har sau uku, ɗaya na wata ma'aikata, ɗaya na wata ƙungiya, ɗaya na wani mai neman ƙuri'a. Wasu matan sun karɓi keke biyu, an kuma ga kekunan a kasuwa kafin wata ya zagayo. A garin nan kuwa famfunan burtsatse sun fi shekara a lalace, domin babu wanda aka koya wa gyaransu, injin ban ruwa idan ya tsaya sai an kai shi birni. Da hakimi da sakataren ilimi da shugaban sashen gona suna da rajista guda ta sunayen waɗanda aka horar da sana'ar da aka koya musu, aka kuma wajabta wa duk mai kawo shiri ya duba ta kafin ya fara, da bikin na biyu da na uku sun zama na masu gyaran famfo da injin ban ruwa.

Ƙarshen rayuwarsa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a shekarar 1939, Vischer ya sake komawa aikin leƙen asiri na gwamnatin Ingila duk da shekarunsa sun haura sittin. A shekarar 1941 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Ya rasu ranar 19 ga watan Fabrairu na shekarar 1945 a garin Newport Pagnell na ƙasar Ingila, yana da shekara 68, watanni kaɗan kafin yaƙin ya ƙare.

Gidansa na Nasarawa yana nan tsaye da katangunsa masu kauri da rufin azara. Yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an mayar da shi wurin adana kayan tarihi, kuma ɗaliban makarantu sukan je ziyara su ga ɗakunan da ya zauna da kayan sana'o'in gargajiya da aka ajiye a ciki.